Bikin Rakiya da Ya Watse a Abijan

Duk wanda ya shiga kar ɗaya da ni, wato babbar motar fasinja, a waccan tafiya zai shaide ni da abu biyu: yawan surutu, da wata baƙar jaka da na rungume tun daga Damagaram har bakin teku. Ko salla zan yi, jakar tana gabana. Sunana Haruna, ɗan Kwaya ta ƙasar Magarya. Abin da ke cikin jakar ordinatar ce, wadda ƴan Kano ke ce wa kwamfuta. Tsohuwa ce, amma ina ji da ita, kuma a cikinta bikin Rakiya yake gaba ɗayansa.

Rakiya taubashiyata ce, autar Kawu Isufu, wan mahaifiyata. Kawu ya tafi Abijan tun tana famfarar haƙora, yana sayar da garba, wato acake, wani irin dambun rogo, da soyayyen kifi. Zuwansa gida ya yi ta ja da baya, daga baya ciwon ƙafa ya kama shi, doguwar tafiyar mota ta gagare shi. Da aka sa ranar aurenta da wani makanikin babur ɗan Dungas, wanda ita ta zaɓo abinta, Kawu ya aiko da duk abin da uba ke yi, amma shi bai samu zuwa ba. Wayarsa ƴar madannai ce, ba ta nuna hoton kirki. Rezon Kwaya kuwa, wato sabis ɗin waya, sai ka hau tudun bayan gari kafin sallamarka ta fita. Sai ya kira ni ya ce, "Haruna, tun da za ka zo koyon haɗa fim, ka ɗauko mini bikin nan kaf. Ka zame mini ido."

Na ɗauka kuwa, ban bar komai ba. Kamerar ta maigidana ce a Magarya. Na juye hotunan a ordinatar, na mayar masa da kayansa, washegari ya goge ya tafi wani suna. Don haka a duk faɗin duniya babu inda bikin nan yake sai cikin jakata.

A Yamai aka ce kar ɗin Abijan yana hannun makanikai, muka baje a rumfar tasha muna jira. Na samu wurin kuran, wato wutar lantarki, a jikin bango, na buɗe ordinatar don in ga ko girgizar hanya ta taɓa wani abu. Kalangu yana tashi sai na ga inuwa ta rufe ni. Ashe rabin masu jiran nan mutanenmu ne, ƴan Magarya da Dungas da Sassumbrum, masu komawa bakin nema bayan an gama kaka.

To, a wajenmu akwai wata al'ada. In kana da ordinatar, mutum zai ciro ɗan kart ɗin ajiyar hotuna da ke cikin wayarsa ya miƙo maka ya ce a zuba masa wani abu, kamar yadda zai ce a ba shi ruwa ya sha. Ba a cewa a'a. Wanda ya ce a'a, har jikokinsa sai an kira su marowata. Wanda ya fara miƙo nasa wani dogo ne mai suna Tanko, ɗan Sassumbrum, yana aiki a kasuwar shanu ta Abijan. Shi bai damu da kiɗa ba. Wurin da aka koro karsanar da Kawu ya ba Rakiya, garke na shigowa gari ta cikin karan gero da yamma, nan ya tsaya.

"Ɗan'uwa, mayar da wurin nan," in ji shi. Na mayar. Ya ƙura wa garken ido, sannan ya ce, "Can shanun lamba ce a jikinsu, ba suna. Zuba mini wannan, in riƙa gani."

Na zuba masa, har da ɗaurin aure da ya ce yana son addu'ar limamin. Wasu samari masu shayi suka karɓi kiɗa da rawa. Wani mai gyaran takalma ya karɓi kai amarya, inda babura da amalanken jaki suka yi jerin gwano. Kart yana fita, wani yana shiga, ni kuwa kaina ya kumbura, ina ta bayani kamar ni na ƙera na'urar.

Abu ɗaya ne na hana kowa. Akwai wani guntu da na ɗauka a cikin ɗaki, inda Rakiya ta yaye mayafi ta yi wa babanta magana. A duk sauran bikin a lulluɓe take, nan kaɗai fuskarta ta fito, shi ma don ni taubashinta ne ta yarda. Fuskar amarya ba ta yawo a wayar maza, wannan ko a tasha na san shi.

Sai na ji an zungure ni da kan lema. Wata dattijuwa ce Babarbariya daga Magarya, Hajiya Falmata, za ta wajen ƴarta da ke gab da haihuwa. Mu kuwa asalinmu Fulani ne, ko da yake fillancin ya tsaya a bakin kakata, noma da kiwo muke haɗawa. Tana jin haka ta samu abin wasa.

"Kai bawana, ina sashen mata? Ka cika mana ido da shanu, halinku ke nan."

"Hajiya, wannan na babanta ne."

"To ni namiji ce? Miƙo nan."

Ta ja ordinatar cikin mayafinta, ta kalla ita kaɗai, ina jin tana cewa tubarkalla. Da ta fito da kai sai ta miƙo mini wayarta ta ce in zuba mata, ƴarta ta ga irin ƙunshin da ake yi a gida yanzu. Na ce amana ce. Ta ce ita ta haifi wanda ya girme ni, in ba ta san amana ba wa zai sani? Na zuba mata ina gunaguni, ta saka mini da dabino da zagin kakannina.

A Wagadugu ordinatar ta fara nuna halin da ban san ta da shi ba. Ka danna nan ta buɗe can. Wasu tagogi suna faɗowa da kansu, iska na fita ta gefenta da zafi. Dama akwai wani ɗan rubutu da ya daɗe yana leƙowa a kusurwa yana neman a yi mizajur, wato a sabunta ta, amma da rezon garinmu ko jaki ya fi shi sauri, kullum sai in ce masa gobe. Na rufe ta na ce gajiyar hanya ce.

A garin ne kewar gida ta fara kama ni. Na fita neman abinci, ko'ina Mosanci ake yi, faransancina na lakol, wato makarantar Kwaya, ya ƙi fita daidai. Na tsaya gaban wata mai wake da shinkafa ina nuni da yatsa. Ta dube ni, ta dubi jakar da na ƙanƙame, ta yi dariya, ta ɗauko ɗan benci ta ajiye kusa da ni ta nuna jakar, wai ita ma ta zauna ta huta. Ta ƙara mini wake ba tare da na roƙa ba. Ban san sunanta ba, amma har yau in na ji ƙanshin wake da mai sai na tuna ta.

Bayan Bobo ruwan sama ya tare mu, irin wanda ba mu saba gani bayan kaka ba, rufin kar ɗin kuma yana yoyo daidai kaina. Hajiya Falmata ta zazzage kayan jariri daga babbar ledarta, ta cusa jakata a ciki ta ɗaure. "Bafillace bai san ruwa ba sai a rijiya," in ji ta. A iyaka wani jami'i ya ce in buɗe na'urar ya ga abin da ke ciki. Da ƙyar ta tashi, amma ta tashi. Yana jin kalangu ya fara kaɗa kafaɗa, ya kira abokin aikinsa, suka tambaye ni ko duk matan garinmu haka suke ɗaura kallabi. Daga nan ƙasa ta canza. Itatuwa suka yi tsawon da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi, ayaba a bakin hanya ba mai gadi. Na manne da taga ina ta tambaya, har Tanko ya ce in bar wa gobe sauran mamakin.

Da hantsi muka shiga tashar Ajame ta Abijan, kowa ya ɗauki kayansa ya nutse cikin mutane. Ban karɓi lambar kowa ba. Hajiya ta ce mini ita unguwar Abobo za ta, ta ja kunnena, ta tafi.

Kawu na same shi a rumfarsa, ya yi furfura, yana jan ƙafa, amma muryar tana nan. Ya rungume ni da hannu mai ƙanshin kifi, ya zuba mini garba har da kan kifin, yana tambayar kowa da kowa na gida. Bai bari na gama ci ba ya ce, "To ina Auta?"

Na buɗe ordinatar da alfahari. Ta kawo haske, ta tsaya. Na kashe na kunna, ta sake tsayawa. Kawu ya ce kada in damu, ita ma ta sha hanya, a kai ta wajen masu gyara. Ya ce dama ba shi kaɗai zai kalla ba, ya riga ya gaya wa duk mutanenmu za a taru a rumfarsa a ga bikin ƴarsa a babbar talabijin.

Washegari na shiga kasuwar kayan waya ta Ajame. Ban yi nisa ba wani ya kamo hannuna, mai fara'a, da ƴar Hausarsa ta tsinta. "Sannu aboki, ina gajiya?" Jin Hausa a bakin baƙo ya sa na saki jiki. Ya duba ya ce birus ne ya cika ta, irin wanda ke bin kart daga waya zuwa waya, amma aikin ɗan lokaci ne. Na ce masa akwai bikin ƙanwata a ciki, ya sa hannu a ƙirji. Ya ce in je in sha ruwan sanyi in dawo. Babu modepas, wato kalmar sirri, a kanta, ko tambayata bai yi ba ya shige ciki.

Da na dawo ta tashi da sauri kamar sabuwa. Na yi murna, na nemi bikin. Babu. Na duba nan, na duba can, wayam.

"Ina kayana?"

"Na wanke maka ita tas," in ji shi, yana murmushi.

Ni mutum ne mai saurin fushi, ban ɓoye ba. Na ci kwalarsa, na zage shi da Hausa, na zage shi da faransanci, har fillancin kakata ya dawo mini a ranar. Maƙwabtansa suka raba mu suna cewa haka ake gyara, ai ga ta tana aiki. Na rungumi jakata na fice daga kasuwar.

Kai tsaye na wuce wurin da zan koyi aiki. Mai wurin wata mata ce ƴar ƙasar, Madam Akisi, gajera mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ranar farko ke nan da ta gan ni, kuma da hawaye ta gan ni. Ta kwance bayan ordinatar, ta leƙa, ta girgiza kai. Ta ce da gogewa kawai mai gyaran ya yi, da akwai yadda za a tono wani abu. Amma mutumin ya cire rumbun ajiyar gaba ɗaya, ya sa mini wani tsoho ƙarami. Muka koma kasuwar tare. A teburin sai muka tarar da wani yana sayar da rigunan waya, kuma duk layin babu wanda ya taɓa ganin mai fara'a.

"Babu kwafi ko ɗaya a wani wuri?" in ji ta.

Na ce babu.

Faɗa wa Kawu ya fi mini komai nauyi a tafiyar nan. Ya saurare ni har na gama, yana juya kifi. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Kai ka iso lafiya, ai shi ne babba." Amma ina kallo kifin ya ƙone a gabansa bai gani ba, mutumin da ko a cikin barci ya san lokacin juya kifi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi kwanaki ina zuwa wurin Madam da safe, da rana in taya Kawu yanka albasa, bakina a rufe, abin da duk wanda ya san ni zai ce ba lafiya ba. Ran nan ina cikin yanka sai na ji kalangu. Na ce kewa ce ke yi mini wasa da kunne. Sai na ji maroƙi yana kirari, yana kiran "Isufu na Abijan, uban amarya." Na ɗaga kai. Wani ɗan dako ne da ban taɓa gani ba, yana cin garba, wayarsa a kan benci tana ta kiɗan bikin Rakiya.

Na yi tsalle na kama hannunsa har ya zaci faɗa ne. Ya ce wani mai shayi ne ya tura masa, shi ma bai san bikin wa ba ne, daɗin kiɗan ya ji. Kawu ya saki cokali ya ce, "Kai, ai ni ake kira." Ɗan dakon ya dubi wayar, ya dubi Kawu, ya tashi ya rusuna ya yi masa barka da arziki. Ranar ya ci garba kyauta har ya kasa tashi.

Na ruga wurin Madam na ce mata bikin bai mutu ba, yana nan a warwatse cikin aljihun mutanenmu. Karon farko na ga haƙoranta. Amma ta kafa mini sharaɗi. Ta ce kart ɗin nan su suka kwantar mini da na'ura tun farko, don haka babu wanda zai shiga tawa ko tata sai ya bi ta wata tsohuwar ordinatar da ta keɓe a kusurwa, a bincike shi, a kashe abin da ke ciki. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Babana in ya sayo saniya a kasuwar Dungas, ba ya haɗa ta da garke sai ta yi kwanaki a ɗaure a gefe an ga lafiyarta.

Kafin in fita farauta ta zaunar da ni muka gyara tawa. Aka sa mata sabon rumbu, aka sa mai gadin birus, sannan ta ce in bar mizajur ɗin nan ya yi aikinsa har ya gama. Ta ce kullum ɓarayi suna gano sabuwar kafa a jikin na'ura, masu ita kuma suna aiko da abin toshewa, wanda ya ce gobe ya bar ƙofarsa a buɗe ke nan. Da aka zo modepas na rubuta Haruna. Ta goge. Na ƙara shekarar haihuwata. Ta sake gogewa, ta ce in kawo abu mai tsawo wanda ni ba zan manta ba, wani kuma ba zai canka ba. Na jera mata sunayen shanun babana, na tsofaffin da na yi kiwo ina yaro, na sa lambobi a tsakani. Ta ce wannan ko ita ba za ta iya furta shi ba, ya yi.

Masu shayi ba su yi wuyar samu ba, ɗan dakon ya kai ni. Suka ba ni kiɗa da rawa cif, suka haɗa mini shayi mai kauri. Mai gyaran takalma na same shi a unguwar Tireshbil, a gindin wani bene. Ya sosa ƙeya ya ce ya goge rabin kai amarya don ya samu wurin zuba kokawa. Na ce Allah ya isa tsakanina da ƴan kokawa, muka yi dariya, na karɓi rabin da ya rage. Walimar kuwa babu wanda ya karɓa a Yamai, ta tafi ke nan, har yau ina jin zafinta, don tuwon ranar ya yi kyau a hoto.

Tanko na same shi a kasuwar shanu ta Por-Buwe, can kusa da teku. Da ya ji labari ya ciro kart ɗinsa da hannu biyu. Ya ce kullum bayan la'asar sai abokan aikinsa sun taru an kalli garken nan yana shiga gari. Ya sayo balangu, muka zauna a kan katangar turke muna ci, ina kallon ruwan da ba shi da ƙarshe.

Madam tana bincike kart ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki, tana cewa wannan ba kart ba ne, asibiti ne. Muka jera guntayen, biki ya fara tashi. Kawu ya ƙi leƙawa, ya ce ba zai ga ƴarsa gutsi-gutsi ba, ya sa ranar Lahadi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don na san abin da bai sani ba. A duk abin da na tattaro, Rakiya a lulluɓe take. Mutumin da ya bar ƴarsa da giɓi a baki zai zauna gaban jama'a ya kalli mayafi yana tafiya. Fuskar tana wajen Hajiya Falmata, Abobo kuwa ta fi Damagaram yawan mutane.

Na bi masallatai, na bi masu goro, babu wanda ya san ta. Ranar Juma'a na koma wajen Tanko ina kuka da halina. Ana cikin haka wani dillalin tumaki ya tsoma baki yana ƙorafi, wai jiya wata tsohuwa ta zo sayen ragon suna da kanta, ta ƙi yarda surukinta ya zaɓa, ta buɗe bakin kowane rago, ta kuma zage duk Fulanin kasuwar ta ce bayinta ne.

Ni da Tanko muka dubi juna.

Dillalin ya san gidan da aka kai ragon. Ranar Asabar da safe muka isa, ana tsakar suna, an samu ɗa namiji. Hajiya tana tsakiyar mata tana ba da umarni. Tana ganina ta ce, "Ga bawana ya biyo ƙanshin nama." Na durƙusa na gaishe ta, na yi barka, na faɗa mata abin da ya faru. Na ce ina wayar?

Ta nuna wasu jikokinta a bakin ƙofa, sun haɗa kai a kan wayar suna wasan motoci. Ta ce tun ranar da ta sauka suka ƙwace, sun cika ta da tarkace, ko kira ba ta samun yi. Na ɗora hannu a ka. Ta bar ni a haka, tana kallona, sai da ta ga na kusa kuka. Sannan ta jawo bakin zanenta, ta fara kwance wani ƙulli da haƙori. Ga guntun goro, ga ɗan kunne ɗaya, ga kart a naɗe cikin takardar alewa.

"Ka ce amana ce," in ji ta. "Ƴata tana gama gani na sa ta ciro mini shi. Amana a bar ta a hannun jikoki?"

Na miƙa hannu, ta janye. Ta ce sai na faɗa a gaban matan nan su waye iyayen gijin Fulani. Wallahi na faɗa, da ƙarfi, har da ƙari. Tanko, shi ma Bafillace, yana baya yana cewa na sayar da su, mata suna ta guɗa.

Da yamma Madam ta bincike kart ɗin, ta share abin da ta samu, ta danna. Fuskar Rakiya ta cika gilashi. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Madam ba ta bari na tashi ba sai da muka yi kwafi: ɗaya a ordinatar, ɗaya a kile, ɗan abin ajiya da ake soka wa na'ura, da ta kulle a durowarta, ɗaya a ma'ajiyar intanet, ɗaya kuma a wani kile da direba zai kai Kwaya. Ta ce daga yau duk aikin da na taɓa, haka zan yi masa kafin in ci abinci. Lokaci ya ƙure, sai na manna guntun a ƙarshen fim ɗin yadda yake. Na so in datse shi, don na tuna Rakiya tana yawan tsayawa tsakanin magana, shiru mai tsawo, na ɗauka kunya ce.

Ranar Lahadi bayan la'asar rumfar Kawu ta cika har titi. An aro talabijin, an rataya tamfol don tare haske. Tanko ya zo da mutanen kasuwar shanu, masu shayi suka zo da butocinsu, Hajiya ta zo da lemarta ta kori wani daga kujerar gaba. Madam Akisi ma ta zo ta tsaya a gefe. Kawu ya sa babbar riga, ya zauna ya miƙe ƙafar mai ciwo.

Aka yi ta shewa. Wannan ya ga yayarsa, wancan ya ga bishiyar ƙofar gidansu. Da karsana ta fito Kawu ya ce jikar saniyarsa ce, ya san ta da ƙaho. Da kai amarya ya yanke a tsakiya kowa ya juya ya harari mai gyaran takalma.

Sai ɗaki ya fito. Rakiya ta yaye mayafi, ta yi dariya, ta gyara zama.

"Baba, ina wuni?" in ji ta. Ta tsaya.

"Lafiya lau, Auta," in ji Kawu.

"Ina gajiya? Yaya aiki?" Ta sake tsayawa.

"Da godiya. Aiki da godiya."

"An ce ƙafarka tana damunka. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, uwata. Da sauƙi sosai."

Sai a lokacin na gane. Ba kunya ba ce, wuri take bar masa ya amsa. Na gode wa Allah da almakashina bai taɓa wurin ba. Ta ce masa ga ta ta girma, ta nuna masa ƙunshin hannunta, ta ce mijin mutumin kirki ne, kada ya damu. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, yaushe za ka zo?"

Shirun nan ya fi sauran tsawo. Kawu ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƴarsa.

"Da kaka," in ji shi. "Ko a kwance ne sai an kawo ni."

"Mun ji, mu ne shaidu," in ji Hajiya, tana share ido da bakin mayafi.

Fim ya ƙare, gilashi ya yi baƙi, ba wanda ya motsa. Kawu ya juyo wajena, hawaye na bin gemunsa, yana dariya.

"Haruna, mayar da ita baya. Ban tambaye ta mutanen gida ba."